Mai Idirisa Alauma, Sarkin da Ya Sake Jiragen Barno

1. Komin bakin rijiya

Yara, kowa a cikinku ya san komi. In kun bi makiyaya zuwa rijiya, za ku ga gungumen itace da aka fafe cikinsa. A ciki ake zuba ruwan da aka ja da guga, shanu da raƙuma su sha. Mu nan Gure ba mu da kogi. Abin da muka sani shi ne tudun rairayi, da duwatsu, da kwari mai dabino da kanwa. Saboda haka a wurinmu komi abin shayar da dabbobi ne kawai.

Amma a bakin kogi, komi yana da wani aiki. In aka tura shi cikin ruwa, sai ya zama jirgi. Mutum ya shiga, ya riƙe doguwar sanda, ya ƙetare. Yau za mu karanta labarin wani sarki da ya dubi irin wannan komi, ya ga bai ishe shi ba. Sunansa Mai Idirisa Alauma. Ya yi sarautar Barno daga wajen shekara ta 1564 zuwa ta 1596. Ƙasarmu ta Muniyo ta daɗe tana cikin ƙasashen da ke bin Barno, don haka labarinsa ya shafi kakanninmu.

2. Ƙasar da aka haife shi

Mai kalmar Barebari ce, ma'anarta sarki. Gidan sarautar Idirisa ana kiransa gidan Saifawa. Da fari Saifawa suna zaune a Kanem, gabas da tafkin Cadi, babban birninsu kuwa Njimi. Sai wata ƙabila mai suna Bulala ta tashi da yaƙi a kansu. Wajen ƙarshen ƙarni na 14, Bulala suka fi ƙarfinsu. Saifawa suka bar Kanem, suka kewayo yamma da tafki, suka zauna a Barno.

Sun daɗe ba su da zama wuri guda. Sai wajen shekara ta 1472 Mai Ali Gaji ya gina musu sabon birni kusa da kogin Komadugu Yobe. Sunan birnin Ngazargamu. Kufansa yana nan har yanzu a jihar Yobe ta Najeriya, gabas da Gaidam, ba nisa da iyakar Nijar.

Ku dubi taswira. Ruwan kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Na Haɗeja ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe. Komadugu ya gangara gabas, ya wuce ta Difa, ya faɗa tafkin Cadi wajen Boso. A nan ƙarshensa shi ne iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Da bazara ruwansa yakan janye, har mutum ya taka da ƙafa ya wuce. Amma daga damina zuwa cikin ɗari yakan cika, ba mai ƙetare shi sai da jirgi ko da gora.

Mutanen wannan ƙasa sun san jirgi tun zamani mai nisa. A shekara ta 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe, sai ya ci karo da wani dogon komi a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa ya ɗara mita 8. Masana suka auna shekarunsa, suka ga ya kai wajen shekara 8000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

3. Ƙuruciyar Idirisa

Uban Idirisa shi ne Mai Ali. Uwarsa sunanta Amsa, ƴar sarkin Bulala ce. Kun gani ke nan, jinin gidaje biyu masu gaba da juna ne ya haɗu a jikinsa. Uban ya rasu tun Idirisa yana ƙaramin yaro, sarauta ta koma hannun waɗansu danginsa.

Maraya ɗan sarki yana cikin haɗari a fada, domin masu mulki suna tsoron kada ya girma ya nemi gadon ubansa. Tsofaffin Barno suna ba da labari cewa uwarsa ce ta tsare shi har ya kawo ƙarfi. Suna kuma ambatar wata mace mai suna Aisa Kili, wadda ta riƙe mulki kafin Idirisa ya hau. Mata biyu ke nan da suka tsaya masa tun bai zama kowa ba.

Da ya hau sarauta bai daɗe ba, sai ya tafi Makka aikin hajji. A lokacin nan tafiyar watanni ce bisa raƙumi, ta cikin hamada. A hanya ya shiga ƙasashen da ke ƙarƙashin Turkawa, ya buɗe ido ya kalli yadda suke tafiyar da al'amuransu. Ya dawo gida da niyyar gyara abubuwa da yawa.

4. Wa ya ba mu labarinsa?

Ta yaya muka san abin da ya faru shekara fiye da 400 da suka wuce? Mun sani ne saboda an rubuta. Babban limamin Ngazargamu, Ahmadu ɗan Furtu, yana bin sarki wurin yaƙi, yana ganin abubuwa da idonsa. Ya rubuta littafi biyu da Larabci. Na fari, a shekara ta 1576, ya ba da labarin shekaru 12 na farkon sarautar Idirisa. Na biyu, a shekara ta 1578, ya ba da labarin yaƙe-yaƙen Kanem.

Bayan shekaru da yawa, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya samu kofen littattafan a Kukawa. Ta hannunsa suka kai Turai, aka fassara su. Wannan matafiyi ya biyo ta nan Gure a ƙarshen shekara ta 1852, yana kan hanyarsa ta zuwa Damagaram.

Sai dai ku riƙe abu guda. Liman Ahmadu mutumin sarki ne, yana ƙaunar maigidansa. Abin yabo ya fi rubutawa. Waɗanda aka ci da yaƙi kuwa ba su bar mana littafi ba. Mai karatu nagari yakan tambayi kansa: wane ne ya rubuta wannan, kuma ina ya tsaya lokacin da yake kallo?

5. Matsalar ƙetare kogi

Ga yadda rundunar Barno take ƙetare kogi kafin zamanin Idirisa. Akwai ƙananan jirage da aka fafe daga itace guda, kamar komin makiyaya. Barebari suna kiransu gagara. Kowane ɗaya mutane kaɗan yake ɗauka. Liman Ahmadu ya nuna cewa in sarki zai ƙetare da mayaƙansa, sai a yi kwana biyu ko uku ana fito, ko da masu fito sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Ku yi tunani a kan waɗannan kwanaki uku. A rana ta fari, kaɗan daga cikin mayaƙa sun ƙetare, sauran suna wancan gefe. In abokan gaba suka faɗo wa waɗanda suka ƙetare, wa zai taimake su? Ƴan'uwansu suna kallo, ruwa ya raba su. Kuma cikin kwana uku labari ya riga ya kai ko'ina. Mutanen da ake nufi da yaƙin sun kwashe hatsinsu da dabbobinsu, ko sun shirya kwanton ɓauna. Ga dawaki suna cin abincin da aka tanada don tafiya, alhali ba a ci gaba ba ko taki guda.

Sarakunan da suka gabata sun ga wannan wahala, suka haƙura da ita, domin haka suka tarar ana yi. Idirisa bai haƙura ba. Ya sa aka bar gagara, aka yi manyan jirage masu ɗaukar mutane da yawa a tashi guda. Daga nan rundunarsa ta riƙa ƙetarewa cikin ɗan lokaci. Kogin da yake tsare shi a da, yanzu ya zama hanya.

Bai tsaya ga ruwa kaɗai ba. A da, kayan runduna bisa takarkarai da jakai da alfadarai ake aza su. Waɗannan dabbobi ba su jure ƙishirwa. Sai ya umarci manyan fadawansa su sayi raƙuma. Ta haka ya iya kai yaƙi wuraren da rijiyoyi suke nesa da juna. Jirgi don ruwa, raƙumi don rairayi: kowace hanya ya nema mata abin hawan da ya dace da ita.

6. Yaƙi a bakin tafki

A cikin ƙasar Barno akwai mutanen da suka riga Saifawa zama. Ana kiransu So. Waɗansu ba su yarda su bi Mai ba. Kashi ɗaya, So Gafata, suna zaune cikin kurmi a bakin Komadugu. Idirisa ya gina babban sansani mai ganuwa kusa da Damasak, ya zuba mayaƙa a ciki. Suka riƙa sare itatuwan da So suke ɓuya a ciki, suna lalata gonakinsu da damina, har yunwa ta karya su.

Kashi na biyu, So Tatala, suna zaune a bakin tafkin Cadi. Su kuwa in sun ga barade, sai su shige cikin fadama da tsibirai. Doki ba ya gudu cikin taɓo. Barde mai lifidi in ya shiga ruwa, nauyin kayansa ya zame masa abokin gaba. A nan dawakin Barno ba su da amfani.

Sai Idirisa ya dubi kudancin tafki. A can akwai Kotoko, mutanen kogin Shari da Logon, masunta waɗanda suka ƙware wajen sassaƙa jirage da tuƙa su. Ya sa su riƙa kai wa Tatala hari ta ruwa cikin jiragensu, shi kuwa yana tsare da su ta tudu. Tatala suka rasa mafaka. Ga darasin da ke cikin wannan dabara: yawan jirage kaɗai ba ya cin yaƙi. Sai an san inda za a ajiye su, da lokacin da za a tashe su, da mutanen da suka san ruwan.

Ba shi ne sarkin Afirka na fari da ya gane haka ba. Shekara ɗari kafin shi, Sonni Ali na Songai, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, ya tara jiragen yaƙi masu yawa a kan kogin Kwara. Da su ya kewaye birnin Janne har ya ci shi.

7. Babban yaƙin teku da hanyar Bilma

A zamanin Idirisa, Turkawa su ne masu ƙarfi a gabashin Bahar Rum. Sarkinsu yana zaune a Santambul. A shekara ta 1551 jiragensu suka ci Tarabulus, birnin da fataken Barno suke kai kayansu. Ranar 7 ga watan Oktoba, 1571, aka yi wani gagarumin yaƙin ruwa a Lepanto, kusa da gaɓar ƙasar Girka. Jiragen Turkawa suka kara da na Sifen da Benis da na Paparoma. Jirage fiye da 400 suka haɗu a wurin. Da filafilai ake tuƙa su, kuma da yawa daga cikin masu tuƙin bayi ne da fursunoni. Aka ci Turkawa, suka yi hasarar mafi yawan jiragensu. Amma cikin shekara guda suka sassaƙa waɗansu. A 1574 suka ci birnin Tunis.

Mene ne ya haɗa wannan da Barno, ƙasar da ba ta da teku? Hanya ce ta haɗa su. Kayan da jirgi ya sauke a Tarabulus, raƙumi ne yake ɗauka ya biyo ta Fazzan, ya sauko Kawar, ya wuce Bilma, ya iso Barno. Wanda ya riƙe teku, shi ke riƙe da bakin wannan hanya. Idirisa ya gane haka. Ya kai runduna har Kawar don ya tsare hanyar da gishirin Bilma. Ya samo Turkawa ƴan bindiga, aka kuma koya wa bayin fadarsa harbi.

Ya aika manzanni har Santambul wurin Sarki Muradu na Uku. Ya nemi a kiyaye alhazai da fataken Barno a hanya, ya kuma nemi a ba shi wani sansani a Fazzan. Amsa ta fito a shekara ta 1577. Sarkin Turkawa ya hana sansanin, amma ya umarci hakimansa su tsare matafiyan Barno. Bayan haka, a 1582, Idirisa ya aika wa Ahmadu Almansur, sarkin Maroko, yana neman bindigogi da mayaƙa. Shi kuwa Almansur ya ce sai Barno ta yi masa mubaya'a.

8. Sauran yaƙe-yaƙe da sulhu

Idirisa ya yi yaƙi ta kowace kusurwa. A kudu ya kewaye garin Amsaka mai kafi da gwalalo. Ya sa aka yi dogayen hasumiyoyi na itace, ƴan bindiga suka hau suna harbi cikin gari, sauran mayaƙa suna cike gwalalo da ƙasa, har garin ya faɗi. A arewa ya kara da Abzinawa. A yamma ya rushe garuruwa masu kafi da Kanawa suka gina kusa da iyakarsa, amma bai iya cin Dala ba.

Yaƙin da ya fi daɗewa shi ne na Kanem, ƙasar kakanninsa kuma ƙasar dangin uwarsa. Liman Ahmadu ya ƙidaya fita bakwai da aka yi zuwa can. A ƙarshe aka yi sulhu da Bulala, aka raba ƙasa, kowa ya san iyakarsa. Gabar da ta kusa shekara 200 ta kwanta.

Kada mu rufe ido ga ɗacin waɗannan yaƙe-yaƙe. An kashe mutane da yawa. An ƙone gonaki, an sare itatuwa. An kama mata da yara, aka sayar da waɗansu ga fataken arewa, aka sayi dawaki da makamai. Manyan jiragen da suka sauƙaƙa wa mayaƙa tafiya, su ne suka kawo wa waɗansu ƙauyuka baƙin ciki da sauri. Wannan ma yana cikin tarihi, kuma ya kamata mu san shi.

9. Ayyukan zaman lafiya

Idirisa ya yi aikin da ba na takobi ba. Ya tarar da masallatai na zana da ciyawa, ya sa aka gina su da tubali. Ya ɗauke shari'a daga hannun hakimai, ya danƙa ta ga alƙalai masu ilimi. Ya daidaita mudun awon hatsi, don kada mai saye ya auna da babba, mai sayarwa ya auna da ƙarami. Ya girmama malamai. Hanyoyi suka yi aminci, fatake suka yawaita a kasuwannin Barno. Jiragen da aka yi don runduna kuwa, kogin da suke ƙetarewa shi ne dai wanda manomi da ɗan kasuwa suke bi.

10. Ƙarshensa

Wajen shekara ta 1596, Mai Idirisa ya rasu a wurin yaƙi a kudancin ƙasarsa. Aka binne shi kusa da tafkin Alau, wanda yake dab da Maiduguri ta yanzu. Daga sunan wannan wuri aka samo laƙabinsa, Alauma, watau mutumin Alau. Kun ga ikon Allah: sarkin da ya sha fama da ruwa, sunan wani ruwa ne ya bi shi har yau.

Bayansa Barno ta daɗe da ƙarfinta. Birnin Ngazargamu ya tsaya har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci shi. Sarautar Saifawa ta ƙare a 1846. Tafkin Cadi ma ya sake. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25000. Bayan farin 1973 da na 1984 ya ƙanƙance ƙwarai, har wuraren da jirage suke bi a da suka zama gonaki da makiyaya.

Komadugu kuwa yana nan yana cika yana janyewa kowace shekara. In wata rana kun bi hanyar Gudumariya da Maine-Sorowa kuka isa Difa, ku tsaya a bakinsa ku kalli masu fito. Sa'an nan in kun dawo gida kuka ga komi a bakin rijiya, ku tuna da mutumin da ya dubi abin da kowa ya saba da shi, ya tambaya ko za a iya yin wanda ya fi shi.

Ma'anar kalmomi

Fito: ƙetarar da mutane da kaya a kogi cikin jirgi.
Barade: mayaƙa masu dawaki.
Lifidi: rigar yaƙi mai kauri da aka cusa wa auduga, don mutum ko doki.
Kafi: shingen gumagumai da ake kewaye gari da shi.
Gwalalo: rami mai zurfi da ake haƙawa a bayan ganuwa ko kafi.
Filafili: itace mai faɗin baki da ake tuƙa jirgi da shi.
Mubaya'a: alkawarin biyayya ga shugaba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Saifawa suka bar Kanem?
2. Waɗanne koguna ne suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe?
3. Kawo haɗari biyu da ke cikin yin kwana uku ana ƙetare kogi.
4. Don me Idirisa ya nemi taimakon Kotoko?
5. Ta wace hanya kayan Tarabulus suke isowa Barno?
6. Me ya sa ya kamata mu yi hattara in muna karanta littafin Liman Ahmadu?

Aiki

(a) Lissafi. Mu ɗauka akwai mutum 600 a bakin kogi. Akwai komi 5, kowanne yana ɗaukar mutum 4 ban da matuƙi. Sau nawa za su yi jigila kafin kowa ya ƙetare? In aka kawo manyan jirage 5, kowanne mai ɗaukar mutum 30, sau nawa za su yi?

(b) Ku fita filin lakkol. Ku zana tafkin Cadi bisa rairayi, da Komadugu, da kogin Shari. Ku sa dutse a wurin Ngazargamu, da Njimi, da Damasak. Kowane rukuni ya ɗauki ƙwallon dabino 10, su ne jiragensa. A ce ku ne mashawartan Mai, kuma labari ya zo cewa za a kawo hari daga tsibiran tafki a lokacin da kogi ya cika. Ina za ku ajiye jiragenku? Nawa za ku bari don fiton talakawa? Kowane rukuni ya faɗi dalilinsa.

(c) Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gidanku abin da suka ji game da Barno da Muniyo. Ku rubuta shi cikin layi biyar, ku kawo a karanta a aji.